Gayyar Sarkin Noma a Bakin Teku

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

Wata mata ce, Tabawa, neman abinci ya kai mutanenta can Kurmi, bakin teku. 'Yarta ɗaya, Kyauta. Zazzaɓi ya ɗauke ta, aka binne ta kusa da gaɓa. Ni da na binne nawa, na san yadda ƙafa take kai uwa wurin ko ba ta yi niyya ba.

To, teku kullum tana cin ƙasa, tana matso kabarin. Tabawa na zaune tana kuka, sai ga Ƙaguwa.

Ƙaguwa ta ce, "Uwar Kyauta, hawayenki ƙarin gishiri ne kawai. Kin ga itacen can mai tsayuwa cikin ruwa, saiwoyinsa a waje kamar ƙafafu? Tsinci 'ya'yansa ki kafa a taɓo. Amma kada ki rufe masa ƙafa, da ita yake numfashi."

Tabawa ta kafa. Ta cire musu gansakuka, ta kori awaki, wanda ruwa ya tuge ta sake kafawa. Itatuwa suka girma, suka riƙe ƙasa. Teku ta zo ta koma, ta zo ta koma.

Sai ga Sarkin Noma Jatau da garma a kafaɗa.

Ya ce, "Wace raguwa ce ta bar saiwa tsirara? A garinmu ko dawa ana yi mata huɗa."

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba dawa ba ce."

Ya ce, "Iya, baƙin ciki ya taɓa ki. Taimakonki za mu yi."

Ku ji fa. Wa ya roƙe shi?

Ya kira gayya, aka buga ganga, samari suka binne saiwoyin da ƙasa. Ganye ya yi rawaya. Jatau ya ce gishiri ne. Ya sake kiran gayya, aka yi ganuwa aka tare ruwa. Ganye ya zube. Ya ce ai dama itacen banza ne, a sare a yi bandar kifi da shi. Suka fara sara daga bakin gonar Jatau da ke nan gaɓar, suna nufo kabarin.

Ƙaguwa ta ce, "Uwar Kyauta, ba ku ne ke ciyar da 'yan gayya ba? Tuƙa musu tuwo mai nauyi."

Tabawa ta tuƙa, ta zuba man ja. Suka ci, suka ƙara, suka kwanta a inuwa sai minshari. Ƙaguwa ta kira 'ya'yanta da jikokinta. Tona nan, tona can, suka huda ganuwar. Ruwa ya shigo ya wanke saiwoyin, taɓo ya dawo har gwiwa. Samari suka farka suka ce su ba kadoji ba ne, suka watse.

Damina ta faɗi, teku ta taso. Inda aka sare, ta shiga ta lashe gonar Jatau har da rumbunsa. Inda itatuwa suka rage, ta tsaya. Kabarin Kyauta ko jiƙewa bai yi ba.

Jatau ya zo yana sosa ƙeya, ya ce, "Iya, ko da sauran iri?"

Ta zuba masa a ƙwarya, ta ce, "Ajiye garmar. Naɗe wandonka ka shiga taɓo."

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa ruwa. Wanda ya zo taimakonka bai tambaye ka ba, ɓarna ya kawo.