Gayyar da Ta Zaunar da Halilu

Akwai wani saurayi a Araba, kusa da Illela, mai suna Halilu. Ya yi tashensa ne a shekarun da Turawa suka fara kafa turakun iyaka tsakaninmu da Ƙonni. Dogo ne siriri, amma idan ya kama hauya sai dai ka hango ƙeyarsa.

Yana neman auren Rahmatu, ɗiyar Maccido mahauci na Illela. A lokacin, saurayi kan tara abokansa su yi wa surukinsa gayyar noma. A nan uban yarinya ke ganin ko zai iya riƙe gida.

Ranar gayyar ganga ta ɗauka, mai ganga na yi wa Halilu kirari, Rahmatu da ƙawayenta na gindin gawo da ƙoren fura.

Taubashinsa Lawwali ya ɗaga murya: "Dogo, bi a hankali, kada ka karye gaban surukai!"

Halilu ya ce, "In ka cim mini sai mu yi magana."

Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen gonar. Ya ɗaga hauya sama ya yi kururuwa, 'yan mata suka rangaɗa guɗa. Nan take ya ji wani abu ya soke shi a ƙirjin dama har kafaɗa. Ya ja numfashi, numfashin ya tsaya rabi.

Ya ci gaba da murmushi, don surukinsa na kallo. Amma gumi ya yi masa sanyi, ya zauna a ƙasa.

Suruki ba ya matsowa kusa da saurayin ɗiyarsa, balle ya taɓa shi. Maccido ya tsallake wannan al'ada, ya durƙusa gabansa.

"Ɗage rigarka."

Halilu ya sunkuyar da kai. "Baba..."

"Aje kunyar ga, ba ita za ta yi maka numfashi ba."

Ya ƙwanƙwasa haƙarƙarin dama da yatsa, ya ji sauti kamar na gorar da babu komai cikinta. Ya kara kunne, shiru. Ya ce ya sha feɗe ragon da aka wahalar da gudu, ya tarar huhu ɗaya ya takure. Wato huhun Halilu ya yi 'yar ɓula, numfashi ya zurara ya taru cikin ƙirji, ya danne shi.

Aka ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Maccido ya ce ba jini ba ne.

"Maganinka zama, yaro. Kada ka taɓa hauya sai na ce. In na ji ka taɓa, ka mance hanyar gidana."

Zaman ya fi ciwon zafi. Lokacin maimai, wato noma na biyu, ya zo, ciyawa ta cinye gonar Halilu, ganga na wucewa ta bayan danga tana kiran sunansa. Kullum Lawwali sai ya leƙo: "Amarya, an tashi lahiya? A kawo lalle?"

Wata ranar kasuwa Halilu ya kasa jurewa, ya ɗauki hauya. A ƙofar gida ya yi kiciɓis da Rahmatu da tallan furarta.

"Ina zuwa?"

"Gonata ta zama daji. Wa zai ba mai daji ɗiyarsa?"

Ta sauke ƙwarya ta dube shi. "To mi? Hauya zan aura ko kai?"

Ya tsaya yana haki. Ya dubi hanyar gona, ya dubi Rahmatu, ya jingine hauyar, ya koma ya zauna.

Rahmatu ba ta tsaya nan ba, ta bi abokansa har dandali ta ce ba mai sake shan furarta sai gonar ta yi fes. Washegari Lawwali ya zo da samari, suka ɗauke Halilu cak da gadonsa na kara, suka dire shi a inuwar bakin gona. Yana kishingiɗe yana ba da umarni.

"Lawwali, wannan noma ne ko susa kake yi wa ƙasa?"

"Amarya ta yi baki!" in ji Lawwali. Halilu ya yi dariya har sai da ya riƙe haƙarƙari.

Kafin gero ya nuna, Maccido ya sake kara kunne a ƙirjinsa. Ya daɗe yana saurare, sannan ya miƙe.

"Huhun duka biyu na aiki. Ƙarfinka na gani tun ranar gayya, jin maganarka nike jira in gani. Turo magabatanka."

Da kaka aka ɗaura aure.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, har yau wasu a cikin danginmu idan yaro ya yi ƙiwa sai su ce masa "Halilun gado". Wannan zalunci ne. Mutumin bai yi lalaci ba, jinya ya yi. Ina neman a janye sunan nan, a kuma nemi afuwar jikokinsa.

Darasi: Wanda jikinsa ya ce ya tsaya, ya kuma tsaya, ba rago ba ne. Idan ƙirji ya soke ka bayan aikin ƙarfi, numfashi ya yi guntu, kada kunya ta rufe maka baki. Yau akwai asibiti, garzaya. Ku tura wa samarinku na gona da na ƙwallo su karanta.