Ranar da Sarauniya Meritsu ta Tsawata wa Kogi

Ranar Laraba ce, rana ta take, babu ko iska. Kogin Nilu ya ƙi cikowa, gonakin Masar duk sun tsage.

Sarauniya Meritsu, wadda kowace shekara ake shelar ita ke kawo ruwan, ta zo bakin kogi da jama'arta. Ta sa aka kira Pasanu, tsohon da ke auna ruwa a jikin matakalar dutse.

Ta ce, "Kai tsoho, ruwan nan ya kai zane na sha shida kafin gobe, ko a sare kanka."

Pasanu ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, zan iya kuwa?"

"Na ce ka yi!"

"To, jama'a su shaida. A ƙasar nan mai tayar da kogi shi ke hawa gadon sarauta. In zan iya, gadon nawa ne. In ba zan iya ba, ga ki, ga kogin. Shekara ashirin ina awo, ke kina karɓar godiya."

 Da sarauniya ta rasa mafita, sai ta ɗaga sandarta ta daka wa kogi tsawa. Kwaɗo ɗaya ya yi tsalle ya nutse.

Wata mai tallar albasa ta tuntsire da dariya, saura suka ɗauka. Kafin la'asar fadawa sun naɗa wani sarki, magina suna kankare sunanta daga bango.

Washegari Pasanu ya sauka matakala, ya tarar ruwa ya ƙaru da yatsa biyu. Ya yi tsaki, ya tafi gaya wa sabon sarki cewa aikin sarkin na tayar da kogi ya fara kyau.