Kukan Keken Maiturare

Akwai wani dattijo a Gummi, Malam Uba Maikeke, wanda ya gaji shagon gyaran keke daga mahaifinsa. Shagon ba abin kallo ba ne. Rumfar kwano ce da benci biyu, sai wani tsohon daro na ruwa da ake tsoma tif a nemo inda ya huje. Amma ya girmi rabin mutanen garin.

Tun zamanin da ango ke hayar keke ya zaga gari a yi ta kallonsa aka buɗe shi. Da babura suka cika gari, aka ce shagon ya mutu. Bai mutu ba, gyangyaɗi ya yi. Ranar da fetur ya yi tashin gwauron zabi, sai ga kowa ya jawo tsohon kekensa daga bayan rumbu, har da masu cewa a da keke na yara ne.

A nan mutanen ƙauye ke ajiye kekuna su shiga kasuwa. A nan ake barin saƙo. Famfon iska kuwa a rataye yake a waje, kowa ya ba tayarsa iska ya wuce, ba a karɓar ko sisi.

Doka ɗaya ce a shagon tun daga kaka: abin da mai keke bai ce a taɓa ba, ba a taɓa shi sai an tambaye shi.

To, Malam Uba ya manyanta, gwiwa ta fara ƙin tsugunno. Mutum biyu ne ke iya gadar shagon. Akwai Bilyaminu, ɗan wansa, magidanci mai shekara arba'in da wani abu, wanda ya yi shekara ashirin da biyar a shagon, kuma bai cika magana ba. Sai ɗan Malam Uba na cikinsa, Lukman, wanda ya yi shekara uku a garejin babura a Gusau. Ya dawo da akwatin sifanoni masu sheƙi, da waya cike da bidiyon gyara, da safar hannu.

Mai faci da safar hannu, jama'a!

Rannan biki ya kira Malam Uba zuwa Nasarawa Burkullu. Da zai tafi ya kira Lukman a gaban Bilyaminu, ya miƙa masa makulli.

"Kwana huɗu za ni yi. In na komo na ishe shago lahiya, makullin ga naka na har abada. In ko na ishe ƙara, na san wanda zan ba."

Lukman ya yi murmushi. "Baba, in ka komo ba ka gane shagon ga."

"Abin da nike tsoro ke nan," in ji tsohon.

Washegari ranar kasuwa ce. Tun daga nesa aka jiyo wani kuka, ƙiii-yak, ƙiii-yak, kamar ana matse wuyan zabuwa. Keken Malam Maiturare ne, wani tsoho da ke zagaya unguwanni yana sayar da turaren wuta da humra. Kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji.

"Faci kaɗai, ɗana. Tayar baya," ya ce, ya shige kasuwa.

Bayansa sai ga Ja'e, wani makiyayi daga rugar bayan fadama. Ya ce sarƙar kekensa na zamewa, a ɗan ɗaure ta, shi ma ya wuce sayen gishirin shanu.

Gaskiya Lukman na da hannu. Kafin a ce kwabo ya gama faci, ya ɗaure sarƙa. Da nan ya tsaya, da yau ba mu da labari.

Sai ya juya fedar keken Maiturare. Ƙiii-yak!

"Subhanallahi! Yaya Bilya, shekara nawa tsohon ga na kawo keke nan, ba wanda yas sa mishi giris?"

"Ƙanena, bari shi komo ka tambaye shi. Kukan ga yana da…"

"Kuka na da mi? Tsatsa ta! Kuma diba wanga," ya nuna keken Ja'e. "Birkin baya a hannun dama, na gaba a hagu. Wane makaho yay yi wanga aiki?"

"Baba yay yi shi," in ji Bilyaminu.

Lukman ya ce, "To, Baba ya tsuhwa."

"Lukman, ka dai jira su."

"Yaya Bilya, don Allah. Shekara ashirin da biyar kana tsoma tif cikin daro kana jiran kumfa. Yau makulli na aljihuna. Zauna ka ga aikin birni."

Bilyaminu ya ce, "To." Ya koma kan bencinsa.

Lukman ya kwance keken Maiturare ya cika shi da giris, har ya koma tafiya shiru kamar kyanwa. Ya mayar da birkin Ja'e yadda kamfani ya yi shi. Da suka zo ɗauka bai gaya musu ba, wai so yake su gani da kansu su zo suna godiya. Da Bilyaminu ya buɗe baki zai yi magana, Lukman ya tura shi sayo sholishon liƙe faci.

Godiyar kuwa ta zo, amma ba irin wadda ya zata ba.

Maiturare ya kwana biyu yana zaga gari. Ya bi lungun da ya saba, ya rage gudu a ƙofofin da ya saba, ba wanda ya leƙo. Abin da Lukman bai sani ba shi ne, tsohon bai taɓa yin talla da baki ba. Shekara goma sha biyar matan Gummi daga cikin gida suke jin kukan kekensa, su aiko a tsayar da shi. Shi kuwa da nauyin kunnensa bai ma san keken ya yi shiru ba.

Ranar da Malam Uba ya dawo, ko jaka bai ajiye ba ya tarar da Maiturare a kan benci ya yi tagumi.

"Uba, an gama da ni. Kwana biyu ko ƙwalba guda ban sayar ba. Wani ya yi min asiri, na ko san shi, wancan mai turaren bakin tasha na!"

Ana cikin haka sai ga Inna Habsu, mahaifiyar Lukman, ta biyo da kwanon kunu a hannu. Tana ganin Maiturare ta tsaya cak.

"A'a! Malam, kai na? Gidanka za ni gaisuwa! Matan unguwa sun ce kwana biyu ba a ji ka ba, ko ka kwanta. Maƙwabciyata Zinatu ma cewa tay yi an kai ka asibitin Gusau."

"Ni? Jiya sau ukku na wuce ƙoharku!"

Malam Uba ya nufi keken Maiturare. Ya miƙa hannu ya juya fedar keken. Shiru. Ya sake juyawa. Shiru. Ya ɗago ya kalli ɗansa.

Kafin Lukman ya haɗa amsa, sai aka hango Ja'e tafe a ƙasa, keke a kafaɗa, tayar gaba ta lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai, ga sanda a hannu.

"Ina yaron nan mai safa? Aradu yau sai ya gaya min abin da na yi mishi!"

Ashe ranar kasuwa ya ɗora buhun gishiri, ya kama gangaren fadama, ya matse birkin dama yadda ya saba. Tayar gaba ta tsaya, shi bai tsaya ba. Ya tashi sama, ya sauka cikin kududdufi, buhu ya biyo shi. Kafin ya lalubo takalminsa, gishirin ya narke, sai buhu.

"Shanuna ba su lasa ba, kwaɗi sunka sha!" in ji Ja'e. "Kwana biyu matata Saude na gasa min ƙugu."

Mutanen da suka taru suka yi ta ƙoƙarin danne dariya, wani ya kasa, ya fake da tari.

Malam Uba ya ce, "Lukman, ka tambaye su?"

"Baba, gyara ni yi. Ko ina duniya haka birki…"

"Cewa ni yi, ka tambaye su?"

"A'a."

"Ja'e, gwada mishi hannunka na hagu."

Ja'e ya buɗe hannun. Babban yatsa ne kawai da ɗan ƙaramin. Sauran ukun igiyar wani bijimi ta tafi da su tun yana saurayi. Shi ya sa Malam Uba ya mayar masa da birkin baya hannun dama, inda yake da ƙarfin matsewa.

Dariya ta ɗauke. Lukman ya sunkuyar da kai. Da hannunsa ya karɓi keken nan, da hannunsa ya miƙa shi, amma bai kalli hannun mai keken ba ko sau ɗaya.

"Kawo makulli," in ji Malam Uba. Ya karɓa ya sa a tafin Bilyaminu. "Daga yau kai ad da shago. Hukuncin wanga ma kai za ka yanke."

Bilyaminu ya gyara keken Ja'e kafin la'asar, ya sa Lukman ya sayo masa sabon buhun gishiri. Wannan mai sauƙi ne. Matsalar ita ce kuka.

Lukman ya wanke giris da kalanzir. Shiru. Ya zuba ruwa, ya barbaɗa yashi, sai wani ɗan sssss kamar ana soya albasa. Tsatsar shekara goma sha biyar ba a yin ta a wuni ɗaya.

Sai Bilyaminu, mutumin da ba ya magana, ya gyara murya.

"Ƙanena, tsohon ga na da iyali, ba su jiran tsatsa. Daga gobe kai za ka riƙa bin shi kana mishi talla, har kuka shi komo."

Da safe Lukman ya hau wani keke ya bi bayan Maiturare yana ƙwala kira, "Turare! A sai turare!" Lungu biyu suka wuce, ba wanda ya leƙo. Matan ba su san muryar ba.

Maiturare ya taka birki ya waiwayo. "Ɗana, ba wanga sunka sani ba. Yi musu wancan."

"Wane?"

"Na keken."

Lukman ya duba gabas, ya duba yamma. Ya tuna hannun Ja'e, ya kalli akwatin turaren tsoho da ko ƙwalba ɗaya ba ta ragu ba. Ya rufe ido, ya maƙale murya.

"Ƙiii-yak. Ƙiii-yak."

"Ɗaga murya, ni ban ji ba!"

"ƘIII-YAK!"

Nan take aka jiyo murya daga bayan katanga: "Lah, Maiturare ya samu lahiya! A ce shi tsaya!"

Ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa mai suna Ma'u ta fito da kuɗinta a hannu. Ta kalli keken, ta kalli Lukman, ta ce, "Ni dai na ce kukan ga ya sake. Ashe ɗan Habsu na. Sannu da ƙoƙari, amma ƙarshen bai kai ba, ka riƙa jan shi kaɗan."

Sati biyar Lukman ya yi yana kuka a lungunan Gummi kafin ruwan damina ya tausaya masa, tsatsa ta kama. Ranar da keken ya yi ƙiii-yak da kansa, Lukman ya sauka ya rungumi Maiturare a tsakiyar hanya. Maiturare kuwa bai so ba, don ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa ciniki irin na sati biyar ɗin nan ba.

Darasi: Ba duk abin da ka gani a karkace ne ya lalace ba, wani da gangan aka karkata shi don ya dace da mai shi. Ilimi ba ya hana tambaya, girman kai ne ke hanawa. Wanda ya raina na gaba da shi a sana'a, zai yi da baki abin da ya ɓata da hannu. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wancan da kuka sani mai gyara abin da ba a sa shi ba.