Ranar da Gwani Ya Ƙona Littafin Tela

Akwai wani tela, magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, da Allah Ya ɗora wa son gem, wato wasan da ake bugawa a talabijin da rimot. Ba ya shan taba, ba ya zaman gulma. Amma da ƙarfe biyar ta yi zai rufe keken ɗinkinsa da ƙyalle, ya kakkaɓe zare daga wandonsa, ya tsallaka titi zuwa gidan gem ɗin da ke kallon shagonsa.

Ɗaki ɗaya ne mai talabijin huɗu da benci biyu, sai wata fanka da ƙararta ta fi iskarta yawa. Wasan ƙwallo ake bugawa, kuma dokar gidan ɗaya ce: wanda ya ci ya ci gaba da zama, wanda aka ci ya miƙa rimot ya tashi.

A gaban talabijin ta farko akwai kujerar roba mai hannu, kuma shekara biyu ba a tayar da mai ita ba. Gwani ake ce masa. A faɗi gaskiya ya iya, sai dai bakinsa ya fi hannunsa sauri. Idan ya ci mutum, sai ya bi shi da dariya har bakin ƙofa.

Tela kuwa ya sha kashi a hannunsa har an daina ƙirgawa. Burinsa a duniyar gem guda ɗaya ne, ya tayar da Gwani daga kujerar nan ko da sau ɗaya.

"Maigida, wai kai ba ka gajiya da shan kashi ne?" matarsa ta tambaye shi wata rana.

"Awo nake ɗauka," ya ce. "Ba a yanka yadi kafin a gama awo."

Ita ta ɗauka wasa yake yi. Ashe da gaske ne. Yana da littafin awo mai baƙin bango, inda yake rubuta wuya da kafaɗa da tsawon hannun duk wanda yake yi wa ɗinki. A shafukan baya sai ya fara rubuta Gwani. Idan yana jiran layi a kan benci, idonsa na kan yatsun Gwani da fuskarsa, biro na tafiya.

"Idan yana gaba da ci ɗaya, yana mayar da ƙwallo baya ta hagu."

"Idan aka fara cin sa, yana tura kowa gaba, tsakiya ta zama fili."

"Fenariti: idan ya ciji leɓe, dama zai buga."

Wata takwas yana wannan aiki, har ya cika shafi talatin. Babu wanda ya damu da littafin. Ɗan Rajista ma 'yan gidan gem suke kiran Tela don tsokana. Shi kansa wani lokaci yakan duba rubutun ya ce anya ba ɓata tawada yake yi ba, tunda har yau bai ci ko sau ɗaya ba.

Wata Laraba ya ajiye littafin a kan benci ya karɓi rimot. Wani ya buɗe don neman abin dariya, ya ga sunan Gwani da manyan baƙaƙe a saman shafi, ya miƙa wa Gwanin.

Gwani ya kalli sunansa, fuskarsa ta canza. Bai ko juya shafi na biyu ba.

"Ni kake bibiya? Ni ka mayar abin rubutu?"

"Ba ni littafina," Tela ya ce. "Awon mutane ne a ciki."

"Yau za ka ga awo."

Ya fita da shi ƙofar shago, ya jefa a bokitin ƙarfe na shara, ya ƙyasta ashana. Mutum biyu suka riƙe Tela kada a yi dambe. Mai gidan gem kuwa ya sunkuyar da kai yana goge rimot, domin Gwani ne ke jawo masa 'yan kallo.

Tela ya tsaya yana kallon baƙin bangon yana lanƙwashewa a cikin wuta. Zuciyarsa ta yi zafi ƙwarai, har hawaye suka taru masa, amma bai bari sun zubo a gaban Gwani ba. Da wutar ta mutu ya gyara wuyan rigarsa.

"Ka gama?" ya ce. "To gobe ƙarfe biyar ina nan. Jibi ma ina nan."

Gwani ya yi dariya ya koma kujerarsa, a ganinsa magana ta ƙare.

Abin da bai lissafa ba shi ne shafukan gaba. Awon mutum fiye da arba'in ya tafi a wutar nan, ga yadi goma sha ɗaya a kan tebur suna jiran almakashi. Tela ba shi da wata dabara sai ya rataya tef a wuya, ya sayi sabon littafi, ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya.

Ya je garejin makanikai, ya je wurin mai aski, ya je ofishin wani malamin makaranta. Duk wanda ya ce wa ya miƙe hannu a sake awo, tambayarsa ɗaya ce: "Ina wancan littafin?" Shi kuma sai ya ba da labari yadda ya faru, bai ƙara ba, bai rage ba.

Wani tsohon direba, wanda bai taɓa riƙe rimot ba a rayuwarsa, ya saurara har ƙarshe hannuwansa a buɗe ana auna masa ƙirji.

"To ɗana, idan shirme ka rubuta, me ya kai shi ƙonawa?" ya ce. "Ai mutum ba ya ɓata ashana a kan abin da bai tsorata shi ba. Me ka rubuta ne?"

Tela ya tsaya da tef a hannu. Wata takwas yana shakkar rubutunsa, sai ga shi Gwani da kansa ya tabbatar masa. Ya yi murmushi, ya fara karanto wa tsohon daga ka. Ashe hannun da ya rubuta abu sau ɗari ba ya mantawa.

Daga ranar duk wanda ya tambaya sai ya gaya masa. Makanikai suka kai wa masu wankin mota, mai aski ya riƙa ba da labarin a kan kowane kai da ya zo gabansa. Kafin mako ya zagayo, littafin da ko mutum ɗaya bai taɓa karantawa ba ya zama hirar layin gaba ɗaya.

Gidan gem ya cika har ana leƙe ta taga. Mutane suka daina kallon talabijin, suka koma kallon Gwani. Ya mayar da ƙwallo baya ta hagu, sai a ji ana gyaran murya. Ya juyo, kowa ya yi tsit. Ya san an san wani abu a kansa, amma bai san mene ne ba, kuma babu mai gaya masa, domin babu wanda bai taɓa yi wa dariya ba a ɗakin.

Ranar Asabar layi ya zo kan Tela. Ya zauna a bakin benci, ya goge tafin hannunsa a gwiwa.

Gwani ya fara ci, ya mayar da ƙwallo ta hagu, ya tarar Tela na jiran sa a wurin. Tela ya ƙwace ƙwallon ya rama, ɗaya da ɗaya. Tela ya ƙara, Gwani ya tura kowa gaba kamar yadda ya saba. Ana saura minti biyu a tashi sai Gwani ya samu fenariti.

Ya gyara zama, ya ciji leɓe.

Mutum talatin da ke ɗakin duk sun san inda ƙwallon za ta, in ban da mai bugawa da ke ganin sirrinsa na nan. Golan Tela ya faɗa dama ya kama.

Da aka tashi Tela bai yi ihu ba. Ya miƙa hannu kawai ya nuna kujerar, Gwani ya tashi. A makon da ya biyo baya mutum huɗu suka ci shi, har da mai aski.

Wata safiya Tela na kan keken ɗinki sai inuwa ta tare masa haske. Gwani ne a bakin ƙofa, hannuwa a aljihu.

"Yaya, don Allah tambaya ɗaya," ya ce a hankali. "Me ka rubuta a ciki?"

Tela ya ɗage ƙafa daga keken.

"Ba ka karanta ba?"

"Sunana kawai na gani."

"Shafi talatin ne, ƙanena. Duk inda kake kuskure yana ciki, ranar da ka yi da yadda ka yi. Babu wanda ya taɓa zama ya kalli wasanka kamar ni. Da ka ce in ara maka, wallahi da na ba ka, ka gyara, ka ƙara shekara biyu a kujerar nan."

Gwani ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

"Littafin yana hannunka, kai kaɗai, ka sa masa wuta," Tela ya ce. "Yanzu kowa a layin nan ya san abin da ke ciki sai kai. In kana son sani, ka zo ƙarfe biyar ka bi layi, zan nuna maka shafi-shafi."

Ya mayar da ƙafarsa kan keken ya ci gaba da ɗinki.

Darasi: Wuta tana cin takarda, amma ba ta cin abin da ya riga ya shiga kan mutane. Duk wanda ya ƙona rubutu don ya rufe bakin mai shi, shela ya yi masa kyauta, kuma ya hana kansa sanin gaskiyar da za ta gyara shi. Idan an rubuta abin da ba ka so, ka karanta tukuna. Idan kuma naka aka ƙona, kada ka karaya, ka sake rubutawa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba ya son a faɗa masa kuskurensa.