Kiran Dije da Babban Jirgi

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan cikin birni, haifaffen unguwar Sheshe. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba tonon asiri ya tara mu ba. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa, wata tsohuwa da ake kira Dije.

Kun san al'adar iyayenmu mata, ba sa kama sunan ɗan fari saboda kunya. Shekara arba'in da 'yan kai Dije ba ta taɓa faɗin sunan nan ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", ko "yayan Binta". Tun yana ƙarami abin yake ci masa rai, ya ɗauka ba ta damu da shi ba ne. Bai san kullum tuwonsa take fara kwashewa ba.

Da fari fata yake sayarwa a Kasuwar Kurmi. Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, sai ya faɗa siyasa, ƙofofin kwangila suka buɗe masa. Ya gina katafaren gida can bayan Ƙofar Kabuga, ya sa maigadi. Ya ce lungun Sheshe ba ya cin mota, shi kuwa ya wuce tafiyar ƙasa. Duk wata direba yake aikawa da shinkafa da mai. Dije ta karɓa ta yi godiya, ta tsaya tana kallon bayan direban ko akwai wani a biye.

Yana aike, ba ya zuwa. To, ba an ce zumunci a ƙafa yake ba?

Sannan ya koyi shatar jirgin sama. Ya ce shi da bin layi har abada, ba zai zauna kafaɗa da kafaɗa da kowa da kowa ba. Yakan yi alfahari cewa jirgin shata ba ya tashi sai ya iso. A hankali ya ɗauka duniyar ma haka take, komai shi yake jira. Kujera goma sha biyu, shi kaɗai a ciki, babu wanda zai ce wa kanzil. Kaɗaici ne tsagwaronsa, amma shi girma yake kiran abin.

Wata Talata da hantsi yana wani gari a kudu wurin kwangila, sai wayar masaukinsa ta yi ƙara. Ƙaninsa Jibrin ne, ya je shagon buga waya ya neme shi. Ya ce, "Yaya, jikin Inna ya yi tsanani. Ta ce a gaya wa wancan ya zo yau."

Ya san abin ya kai, don tunda take ba ta taɓa aika masa ya zo ba. Ya ce, "Ga ni nan. Kome ya faru a jira ni." Ya kira Isiyaku, dillalin da yake nemo masa jirage.

Isiyaku ya shimfiɗa masa zaɓi biyu. Akwai ƙaramin jirgi mai farfela, kujera shida, a ɗan filin da yake nan gefen gari. Matuƙinsa yana nan, an sha mai, in sun tashi yanzu za su sauka Kano kafin azahar. Akwai kuma babban, mai kafet da kujerun fata, wanda ya saba hawa. Amma shi yana Legas, kuma titin ƙaramin filin ya yi masa gajarta. Sai an tafi babban filin jirgi, tafiyar awa biyu a mota, a jira shi a can.

Isiyaku ya ce, "Alhaji, in ta ni ce, a hau ƙaramin. Ciwon tsoho ba a yi masa jinkiri."

Sai mutumin ya shiga lissafi. Ya tuna ranar akwai taron jam'iyya, manya za su cika filin jirgin Kano. Ya hango kansa yana sunkuyowa daga ƙaramar ƙofa, farfela tana kaɗa masa babbar riga, abokan hamayya suna dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ni zan sauka Kano a cikin wannan fara? A turo babban."

Ya 'yan uwa, uwa tana kira, ɗa yana auna faɗin ƙofar jirgi. Wane ne ya raɗa masa wannan in ba Shaiɗan ba? Da gaskiyar masu iya magana, girman kai rawanin tsiya.

Ya yi tafiyar awa biyu. Ya iske jirgin bai iso ba. Aka kai shi ɗakin manyan baƙi, ya zauna shi kaɗai, shayi ya huce a gabansa. Aka yi azahar yana nan. Sai bayan la'asar suka tashi.

Da ya sauka Kano rana ta yi ja. Manyan da ya yi domin su sun daɗe da watsewa. Babu wanda ya ga babban jirgin nan sai masu shara da direbansa.

Mota ta tsaya a bakin lungu, dole ya taka da ƙafa. Yana shan kwana ya ga tabarmi a ƙofar gida, ga butoci, ga dattawan unguwa a jere. Ƙurar maƙabarta ba ta bar ƙafafunsu ba. Ya ce da Jibrin, "Ban ce a jira ni ba?" Liman ya ɗago ya ce, "Alhaji, gawa ba ta jira. Allah ya ba ka haƙuri."

Ya shiga cikin gida. Ƙanwarsa Binta tana zaune a bakin ɗakin, gadon a kaɗe, an naɗe shimfiɗa. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Da aka kira azahar ta tambaya ko wancan ya iso, muka ce yana hanya. Can ta juya ta kalli ƙofa, ta kira sunanka. Har sau uku, Yaya. Ban taɓa jin sa a bakinta ba sai yau."

Abin da ya yi shekara arba'in yana marmarin ji, an faɗe shi a ɗakin nan da azahar, yana can yana jiran kujerar fata.

Daga ranar bai ƙara zama daidai ba. In aka kira sunansa sai ya firgita ya waiga. Ya daina fita taro, abokan siyasa suka neme shi sau ɗaya, sau biyu, suka kama gabansu. Kwangila ta koma hannun wasu. Ya rage daga shi sai maigadi a gidan nan mai ɗakuna barkatai. Da damina ta wuce ya je ziyara maƙabarta, ruwa ya daidaita ƙasa, Jibrin ma bai iya nuna masa kabarin da tabbaci ba. An ce ya sha roƙon Binta ta kwaikwayi yadda tsohuwar ta faɗi sunan. Ita kuwa sai ta ce ba za ta iya ba.

Ba mu ce jirgi zai hana ajali ba, kwanan Dije ya ƙare. Amma da ya hau ƙaramin, da ya amsa kiran, ya riƙe hannunta, ya nemi gafararta. Ya sayar da wannan duka don idon mutanen da ba su ma tsaya kallonsa ba.

Kai da mahaifiyarka take raye, yaushe rabonka da ita? Kada ka jira mota, kada ka jira riga. In ta kira, tashi da abin da ka samu, ko da ƙafa ne.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya gafarta wa wannan bawa nasa. Allah ya kiyaye mu da girman kan da zai sa a kira mu ba ma nan. Amin.