Kan Kifi Hagu Yake Kallo

Akwai wata mata a garinmu Uwajima da ke ƙasar Japan, sunanta Fusae Hyodo, wadda ta shekara talatin da ɗaya a gaban tebur guda tana jera kifi a akwati. Mabiya wannan shafi, ku ba ni minti biyar, don matar nan ta ci a ba da labarinta.

Kamfanin gidan Seike take yi wa aiki, wani ɗan ƙaramin wuri a bakin teku. Jan kifin nan da ake kira tai suke saye a hannun masu kiwonsa, su ɗora shi a jirgin sama zuwa Singafo. Kifin da aka tsamo da safiyar yau, gobe yana kan faranti a wata ƙasa, ɗanye sharaf, bai daskare ba. Ita kuwa Goggo Fusae ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga jirgi ba. Takan ce kifinta ya fi ta ganin duniya, kuma ba ta yi masa baƙin ciki.

Aikinta hanya ɗaya gare shi. Za ta kwantar da kifi kansa yana kallon hagu, cikinsa yana fuskantarta, yadda ake ajiye shi a gaban baƙo ranar biki. Gefen da ke sama shi muke kira fuskar kifi. Tun daga kwale-kwale har faranti ba a kwantar da shi a kan wannan gefe, ba a kuma ɗora masa komai.

Sai ta rufe idon da takarda mai laima, ta jera ƙullin ƙanƙara a gefe inda ba zai taɓa fatar ba. Kifi biyar a akwati, shimfiɗa ɗaya, ta rufe.

Ana nan sai ciwon gwiwa ya zaunar da tsoho Seike, ɗansa Naoki ya dawo daga Tokyo ya karɓi ragamar kamfanin. Ba mugu ba ne, gaskiya. Karatu ne ya ɗan hau masa kai. Goggo Fusae ta goya shi yana jariri a wannan ɗakin aikin, amma ranar farko ya sanar cewa daga yau Manaja za a riƙa ce masa.

Mako guda ya yi yana zagaye teburin da agogo a hannu. Daga nan ya tara matan da ke jera kifin ya ce wurin da ake ba su a cikin jirgi kaɗan ne, su kuma rabin kowane akwati iska suke aikawa Singafo. Daga yanzu kifi goma za a sa, hawa biyu, a kifa na sama a kan na ƙasa, fuska da fuska, su zauna daram.

Goggo Fusae ta goge hannunta a jikin riga ta ce, "To, Manaja, kifin da ka kwantar a kan fuskarsa, da wace fuskar zai shiga biki?"

"Haba Goggo," in ji shi yana dariya. "Kifi gefe biyu gare shi. Idan wannan ya ɓaci, a juya wancan."

 Juya wancan gefe na nufin kan kifi ya kalli dama, yadda ake ajiye wa mamaci a wurinmu, kuma babu uwar da za ta yarda a ajiye wa 'yarta haka ranar aure. Mitsue, ƙawar Goggo da ke aiki a gefenta, ta yi ƙasa da murya ta ce ashe a Tokyo mamata suke ciyarwa. Naoki ya ji, kunnensa ya yi ja, sai abin ya zama na taurin kai.

A makon ne wani mai gidan abinci a Singafo, Akamatsu, ɗan yankinmu da ya daɗe a can, ya aiko da saƙo. Yana da babban biki a wata mai zuwa, kowane tebur da kifinsa guda sukutum. Kafin ya ba kamfanin aikin yana son ganin ashirin na gwaji.

Naoki ya ga dama ta samu. Ya ce Goggo ta jera goma a akwati biyu yadda ta saba, shi zai jera goma a akwati ɗaya. Idan Akamatsu bai ga bambanci ba, Goggo za ta bar teburin ta koma baya wurin wankin kwanduna.

Maganar ta soke ta sosai. Ba wankin ne ya dame ta ba, don ta yi shi tana budurwa. Abin da ya yi mata ciwo shi ne a ce shekara talatin da ɗaya iska ta yi ta rufewa a akwati. Amma ta sunkuyar da kai ta koma bakin aikinta.

Ranar aikawa ta gama nata tun kafin ƙarfe tara. Da ta leƙa akwatin Naoki ta ga idanun kifin a buɗe, ƙanƙara a kwance a kansu, sai zuciyarta ta ƙi. Ta miƙa masa takarda mai laima, ta ce ko wannan ya daure ya sa.

Mitsue ta harare ta. "Ke dai ba ki da wayo. Bar shi ya sha ƙasa mana."

"Sunan Uwajima ne a jikin akwatin," in ji Goggo Fusae. "Ba nasa kaɗai ba."

Naoki bai karɓa ba. Ya ce mota ƙarfe goma za ta tashi zuwa filin jirgi, ba shi da lokacin yi wa kifi kwalliya. Ya liƙe akwatinsa, aka loda.

Washegari da rana hoto ya shigo wayarsa. Kifi biyu ne a kan katako, dukansu suna kallon hagu. Ɗaya ja ne jawur, idonsa garau kamar yanzu aka tsamo shi. Ɗayan ya koɗe, gefensa ya baje, idon ya yi fari ya lotsa. Bai gama kallo ba Akamatsu ya kira, kuma da yake tsohon ba ya magana a hankali, duk ɗakin ya ji.

Ya ce goma daga ciki ya yanka su ya yi miya, don ba zai iya ajiye su a gaban mutane ba. Sauran goman kuwa sai da ya kira masu dafa masa abinci suka tsaya suka kalla, ya ce musu haka ake aiko kifi a garinsu. Sannan ya tambayi wanda ya jera akwati biyun.

Naoki yana iya cewa aikin kamfani ne gaba ɗaya, kuma babu mai ƙaryata shi. Amma ya ce, "Fusae Hyodo ce. Ɗayan akwatin ni na jera."

"To aikin bikin naku ne," in ji Akamatsu. "Da sharaɗi ɗaya. Duk akwatin da zai zo mini, in ga hatimin sunan Fusae Hyodo a murfinsa. Wanda babu, ba zan buɗe ba."

Da aka kashe waya, Naoki ya zo gaban teburin ya rusuna mata, irin rusunawar da ba a ɗagowa da wuri. Goggo Fusae ta bar shi ya ɗan jima a haka, don ita ma mutum ce. Sannan ta ce ya tashi kar ƙugunsa ya riƙe, gurgu ɗaya ya ishi gidan, ga babansa can a zaune.

Da safe ya zo da takalmin roba, ya tsaya a gefenta ya ce ta koya masa, kuma ta daina ce masa Manaja. Ta tura masa kifi ɗaya. Ya ɗauka, zai kwantar da shi kansa na kallon dama, ta buge masa yatsu.

"Hagu, Naoki."

Har yau Goggo Fusae ba ta shiga jirgi ba. Amma sau uku a mako, idan ta dangwala ɗan jan hatiminta a murfin akwati, takan tsaya a ƙofa ta bi motar da kallo har ta sha kwana. Mitsue takan tsokane ta ta ce me take kallo haka. Ita kuwa sai ta gyara tsayuwa ta ce sunanta take rakawa, zai yi tafiya ƙasar waje.

Darasi: Kafin ka rushe yadda wani ya daɗe yana aikinsa, tambaye shi dalili, domin abin da kake gani ɓata lokaci ne wataƙila shi ke riƙe da mutuncin gidan. Kai kuma da aka raina aikinka, kada haushi ya sa ka rage masa inganci, ranar da za a nemi sunanka tana zuwa. Ku tura wannan labari ga wani mai aikin hannu da kuke alfahari da shi, ya san ana ganinsa.