Malamin Bayan Asabari

A zamanin da tsuntsaye ke da ta cewa a fada, an yi wani sarki a Tudun Maƙera ana ce masa Sarki Barmo. Yana son garinsa ƙwarai, sai dai akwai shi da saurin yanke hukunci. Fadawansa kuwa, in ya ce rana ta faɗi da hantsi, sai su rantse har sun ga taurari.

Sarkin nan ya gina makaranta don yaran gari su koyi lissafi da harsunan fatake. Baƙi biyu suka zo neman aikin koyarwa. Ɗaya fari ne sol, gashi har kafaɗa. Ɗayan sunansa Majok, daga can kudancin babban kogi, dogo, baƙi wuluk. Ba wanda ya tambaye su ko harafi ɗaya. Fadawa suka dubi farin suka ce, "Ranka ya daɗe, ai ilimi a fuska ake ganinsa." Sarki ya ba shi makaranta, ya ce Majok ya bar gari kafin la'asar, wai don kamanninsa ba su kwanta wa fadawa ba.

Ran nan da hantsi sai ga Shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar fada. Tsohuwar aminiyar Sarki ce, kowace shekara takan dawo da ruwan farko ta kawo masa labarin ƙasashen da ta ratsa. Sarki ya yi murna ya ce, "Maraba da 'yar yawon duniya! Me kika zo mana da shi bana?"

Shamuwa ta ce, "Allah ya ja zamaninka, na zo da labarin malamin da aka ɓoye a bayan asabari. In ka ba ni kunne sai in faɗa."

Sarki ya ce, "Faɗi mu ji."

Ta ce: A bayan teku akwai wani birni mai suna Mirjan, mutanensa duk farare ne. Duk mai son ɗansa ya yi arziki a can, sai ya koya masa harshen masu jiragen ruwa. To, wani Bahaushe, Malam Tanimu, ya iya harshen nan kamar da shi aka yaye shi, sai ya tafi can neman aiki. In ya aika da takarda sai a yaba, a ce ya zo. In ya zo aka ga fuskarsa, sai a ce ayya, jiya aka ɗauki wani. Haka ya bi makaranta tara, har takalminsa ya huje.

A ta goma mai makarantar, wani mai wayo ana ce masa Bahram, ya ce, "Iliminka ina so, fuskarka ce iyayen yara ba za su saya ba." Sai ya samo wani fari da aka kora daga jirgi saboda ragwanci, wanda ko harafi ɗaya bai sani ba, ya sa masa riga mai aiki, ya zaunar da shi a kujera a bakin ƙofa inda masu wucewa za su gani. Tanimu kuwa aka rataya masa asabari a ƙuryar ɗaki, daga bayansa yake koyar da yara. Aka ce wa iyaye bawan malam ne ke maimaita darasi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Shekara guda Tanimu yana haɗiye baƙin ciki, har ya gaji. Ya ɗaure kayansa, ya je sallamar Iya Tsahara, wata tsohuwa 'yar ƙasarsu da ke tuyar ƙosai a bakin tashar jirage. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, gudu za ka yi? Zauna tukuna ka ji labarin Cindo baduku da salkarsa."

Ya ce, "To, Iya, ina ji."

Ta ce: Cindo ya kafa rumfa a wata kasuwa ta bakin hamada, yana ɗinka salka ta zuba ruwa. Ba mai shiga rumfarsa, wai baƙin hannu irin nasa zai ɓata musu ruwa. Bai yi musu da kowa ba. Kullum da safe sai ya cika salka ɗaya ya rataye a bakin ƙofa, ya koma ya ci gaba da ɗinki. Wata rana zafi ya kai zafi, wani madugu ya iso da ayarinsa, maƙogwaro a bushe. Ya bi rumfuna, salkunan duk sun tsiyaye, ragowar ruwan kamar na wankan jego. Ya zo kan salkar Cindo ya tarar da ita tim, ruwa da sanyi ƙarara. Ya kafa kai ya sha, ya sha, sai da ya ƙoshi sannan ya ɗago ya ce wane gwani ne ya ɗinka wannan? Tun daga ranar duk ayarin da zai shiga hamada, a ƙofar Cindo yake durƙusar da raƙuma.

Iya Tsahara ta kwashe ƙosai daga mai ta ce, "Ƙishirwa ba ta duba hannun mai salka. Kai dai cika taka ka rataye, ka jira rana ta take."

Tanimu ya koma ya kwance kaya, ya ƙara dagewa. Ba a yi wata biyu ba sai jakadun wasu jirage suka zo wa hakimin birnin da wasiƙa, tafintansa kuma yana kwance ba lafiya. Hakimi ya kwaso su zuwa makarantar Bahram, inda 'yarsa ke karatu. Yara suka yi ta magana da jakadun nan tiryan-tiryan, har jakadun suka riƙe baki. Daɗi ya kama hakimi, ya ciro alkyabbarsa zai yafa wa mai kujera, ya miƙa masa wasiƙar ya ce ya fassara. Ina! Gogan naka sai zufa, ya juya takarda, ya yi tari, ya dubi Bahram.

Sai 'yar hakimi ta ce, "Baba, wannan ai gadin kujera yake yi. Malaminmu yana ciki." Yara suka ruga gaba ɗaya suka fizge asabari. Ga Tanimu zaune, hannu duk alli. Ya karɓi wasiƙa ya fassara ta daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe bai yi ba. Hakimi ya yafa masa alkyabba da hannunsa, Bahram kuwa ya rasa inda zai sa fuskarsa. Yau Tanimu yana da makarantarsa ta kansa, iyayen da dā suke canza hanya in sun hango shi su ne ke layi a ƙofarsa.

Shamuwa ta gyara fiffike ta ce, "Ka ji, ranka ya daɗe, tafin hannu ba ya rufe rana."

Sarki ya ce, "Madalla da Tanimu! Wai ɗan wane gari ne?"

Ta ce, "Ɗan Tudun Maƙera ne. Ɗan Nomau maƙeri na bayan kasuwa."

Sarki ya miƙe zumbur, ransa ya ɓaci. "Ɗan garina suka ɓoye kamar abin kunya? Kai, mutanen nan ba su da tsoron Allah! Su ƙi mutum ba su ji karatunsa ba?"

Shamuwa ta ce, "Laifi tudu ne, ranka ya daɗe, ka taka naka ka hango na wani. Su dai sun ba shi asabari. Da zan sauka na ga wani dogon baƙo a ƙofar gari yana ɗaure littattafai a kan jaki, shi ko asabarin ba a ba shi ba."

Kunya ta rufe Sarki Barmo, don ya san gaskiya aka faɗa masa. Bai aiki dogari ba, da ƙafarsa ya taka har ƙofar gari, fadawa na biye suna tuntuɓe da riguna. Ya tarar da Majok ya gama ɗauri, sai ya kama igiyar jakin ya ce, "Malam, na zalunce ka, na yanke maka hukunci ban ji karatunka ba. Gobe kai da farin nan za ku zauna gaban yara, wanda ya iya shi ke da makaranta."

Majok ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da na yi tafiyar wata uku ina nema ke nan."

Kwana bakwai aka yi ana gwaji a bainar jama'a. Ran na takwas Sarki ya kamo hannun ɗansa na fari, ya kai shi gaban Malam Majok ya ce, "Ga ɗalibinka." A nan labarin Shamuwa ya tsaya, mai kunne ya ji.